Nazari a Kan Kayan Zaƙi da Tsarabar Birnin Kiyoto

Birnin Kiyoto ya zama mazaunin sarakunan Japan tun daga shekarar 794, lokacin da Sarki Kanmu ya kafa shi da sunan Heian-kyo, har zuwa 1869 da fada ta tashi ta koma Tokiyo. Masu sana'ar garin sun shafe fiye da shekara dubu suna yi wa fada da manyan gidajen bauta aiki, kuma abin da baƙo ke tararwa a shagunan garin yau gadon wannan dogon zama ne. Kafin mu shiga nazarin abin da ake saye a can don a kai gida, sai mun daidaita ma'anar kalmomi uku. Wagashi shi ne sunan da ya tattara kayan zaƙin Japan na gargajiya baki ɗaya, kuma sunan ya yaɗu ne bayan shigowar kek da biskit na Turawa, don a bambanta na gida da baƙo. Kyogashi shi ne wagashin da ake yi bisa tsarin Kiyoto, inda ake ba kamanni da suna da lokacin ci muhimmanci daidai da ɗanɗano. Omiyage kuwa ita ce tsaraba, wato abin da matafiyi ke kawo wa waɗanda ya bari a gida ko a wurin aiki. Abin da muke son nunawa shi ne, a Kiyoto darajar abin zaƙi da dacewarsa da tsaraba sukan yi hannun riga: wanda mutanen garin suka fi girmamawa shi ne wanda bai iya kwana, don haka mai sayen tsaraba yana bukatar ya san rukunin da kowane abu ya faɗa.

Kayan haɗin wagashi ba su da yawa. Ginshiƙinsu shi ne an, wato jan wake ƙanana da ake kira azuki, wanda ake dafawa da sukari har ya yi kauri. Idan an bar ƙwayar waken da ɓawonsa, sunansa tsubuan. Idan an tace shi ya yi sumul, sunansa koshian. Akwai kuma shiroan na farin wake, wanda ke karɓar launi. Bayan wake sai shinkafa, ko dai garinta ko kuwa mochi, wato shinkafa mai danƙo da aka turara aka kirɓa. Sai kanten, abin daskararwa da ake samu daga ciyawar teku, wanda al'ada ta danganta gano shi ga wani mai masauki a Fushimi, kudancin Kiyoto, a ƙarni na 17, bayan sanyin hunturu ya daskarar da ragowar abincin da aka bari a waje, rana kuma ta busar da shi. Madara da man shanu ba su cikin asalin wannan sana'a. Abin da ya ɗaga ta shi ne masu saye, musamman malaman shayi. A zaman shayi na gargajiya, wanda Sen no Rikyu (1522 zuwa 1591) ya daidaita tsarinsa, ana cin abin zaƙi kafin a sha matcha, wato koren shayi da aka niƙa ya zama gari, domin zaƙin da ya rage a harshe ya tarbi ɗacin shayin. Abin zaƙin da aka yi don wannan aiki dole ya zama ƙarami, kuma kada ƙanshinsa ya danne na shayi.

Masu sana'ar sun kasa wagashi gida uku bisa yawan ruwan da ke jikinsa. Namagashi, wato ɗanye, shi ne mai ruwa kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Han-namagashi, wato tsaka-tsaki, yana tsakanin kashi 10 da 30. Higashi, wato busasshe, ruwansa bai kai kashi 10 ba. Wannan rabo shi ne ma'aunin da za mu bi, domin shi ke faɗa wa matafiyi abin da zai ci a zaune da abin da zai sa a jaka.

Rukunin ɗanye shi ne inda gwanintar Kiyoto ta fi bayyana, kuma ya cancanci mu daɗe a kansa. Mafi daraja a cikinsa su ne waɗanda ake sarrafawa da hannu ɗaya bayan ɗaya don zaman shayi. Mu ɗauki kinton misali. Mai sana'a yakan murza ɗan dunƙulen an ya riƙe a tafin hannu, sannan ya danna wani an mai launi ta cikin rariya ya fito sili-sili, sai ya ɗauki tsinke biyu masu tsini yana tsintar silin yana manna wa dunƙulen a hankali, ba tare da ya danne shi ba, har ya rufe shi duka. Haɗin bai sauyawa a shekara, launi da suna ne ke sauyawa: ruwan hoda da kore a watan Afrilu lokacin furen sakura, ja da rawaya a Nuwamba lokacin da ganyen itatuwa ke sauya launi, fari a tsakiyar hunturu. Kyogashi ya fi son ishara a kan zanen zahiri, don haka sau da yawa sai an ji sunan da aka raɗa wa abin kafin a gane abin da yake nufi. Wasu kuma an ɗaure su da rana guda. Minazuki, mai kusurwa uku da jan wake a samansa, ana cinsa ranar 30 ga Yuni, ranar da ake bikin tsarkakewa na rabin shekara, kuma an ce siffarsa ta gutsuren ƙanƙara ce, abin da talaka bai iya samu a lokacin zafi a zamanin dā. Hanabira-mochi na farkon shekara ne. Wanda ya je Kiyoto a Oktoba ba zai nemi ko ɗaya daga cikinsu ba.

A wannan rukuni ne kuma aburi-mochi yake, wanda ake sayarwa a bakin ƙofar wurin bauta na Imamiya, arewacin birnin. Shaguna biyu ne suke fuskantar juna a kan hanya ɗaya: Ichimonjiya Wasuke, wanda ke ƙirga kafuwarsa daga shekarar 1000, da Kazariya, wanda ya kai kusan shekara ɗari huɗu. Ana gutsurar mochi kamar girman kan babban yatsa, a birkiɗa shi cikin garin gasasshen waken suya, a soke a tsinken gora, a gasa a kan gawayi har gefensa ya ɗan ƙone, sannan a tsoma cikin miya mai zaƙi ta farin miso, wato ƙullun waken suya da aka tsima. Da ɗuminsa yana da laushi da ƙanshin hayaƙi. In ya kwana sai ya taurare. A ganinmu wannan shi ne abin da ya fi cancanta baƙo ya ci a Kiyoto, kuma ba ya cikin abin da zai iya kai wa kowa.

A rukunin tsakiya ne tsaraba ta gaskiya take farawa. Jagoransa yokan ne, wato an da aka dafa da kanten da sukari aka zuba a mazubi ya daskare kamar sandar sabulu, ana yanka shi yanka-yanka. A nan akwai abin lura: yokan yana da ruwa a jikinsa, amma yawan sukarin yana riƙe ruwan ya hana shi lalata abin, shi ya sa wanda aka rufe da kyau yake yin watanni. Gidan Toraya, wanda aka kafa a Kiyoto kuma ya fara yi wa fada hidima tun zamanin Sarki Go-Yozei (1586 zuwa 1611), ya yi suna a kansa. Da fada ta koma Tokiyo a 1869 gidan ya bi ta, amma bai rufe shagonsa na Kiyoto ba. Illar yokan ga matafiyi nauyi ne kawai.

Busassun kuwa su ne mafi sauƙin ɗauka. Rakugan gari ne na shinkafa da sukari da ake dannawa a cikin mazubin katako da aka sassaƙa da siffar fure ko ganye, sannan a buga shi ya faɗo. Mafi kyawunsa ana yinsa da wasanbon, lallausan sukarin rake da ake sarrafawa a yankunan Tokushima da Kagawa na tsibirin Shikoku, wanda ke narkewa a baki ba tare da tauna ba. Konpeito kuma asalinsa baƙo ne: ɗan mishan ɗin Fotugal Luís Fróis ya kai wa jagoran yaƙi Oda Nobunaga kyautarsa a Kiyoto a 1569. Gidan Ryokujuan Shimizu, da aka kafa a 1847, har yanzu yana yinsa da hannu. Ana zuba ƙananan ƙwayoyi a wata babbar tasa mai zafi da ke juyawa a karkace, ana yayyafa ruwan sukari kaɗan-kaɗan, ana jira ya bushe a sake, har ƙahonni su tsiro a jikin kowace ƙwaya. Aikin yakan ci mako biyu ko fiye, kuma mai sana'ar yana sauraren ƙarar gangarowar ƙwayoyin ne don ya san lokacin ƙara ruwa.

Yatsuhashi, wanda ya fi kowane abu shahara a matsayin tsarabar Kiyoto, ya raba ƙafa tsakanin rukuni biyu. Asalinsa gasasshe ne mai ƙaras-ƙaras, na garin shinkafa da sukari da kirfa, a lanƙwashe kamar bayan koto, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake shimfiɗawa a ƙasa. Wata ruwaya ta ce an yi shi ne don tunawa da makaɗi Yatsuhashi Kengyo wanda ya rasu a 1685; wata kuma ta danganta sunan da wata gada da ke cikin wani tsohon labari. Ɗanyen, mai kusurwa uku da an a ciki, wanda yawancin baƙi ke ɗauka shi ne na gargajiya, sabon abu ne: ya yaɗu ne bayan da aka fito da samfurin Otabe a 1966, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Shekarun kafuwa da ake rubutawa a jikin kwali su ma suna bukatar a karanta su da natsuwa. A 2018 gidan Izutsu, mai yin yatsuhashi, ya kai takwaransa gidan Shogoin ƙara a kan iƙirarin cewa ya fara a 1689, kotun yankin Kiyoto kuma ta kori ƙarar a 2020. Hukuncin ya tsaya ne a kan ko iƙirarin na yaudarar mai saye, bai tabbatar da tarihin ba. Mun fahimci daga wannan shari'a cewa daɗewa tana cikin hajar da ake sayarwa.

Siffar kwalin tsaraba ta fito ne daga al'adar rabo. Tun zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da tafiya ke da wuya, mutanen ƙauye sukan haɗa kuɗi su tura wakili ziyarar wurin bauta na Ise, shi kuma ya dawo da abin da zai raba wa kowa shaidar ya isa. Mai karatu Bahaushe zai gane wannan nauyi daga tsarabar alhazai, inda ake lissafin mutane kafin a yi lissafin kaya. Shi ya sa ake naɗe kowane guda daban a cikin kwali, a rubuta adadi da ranar ƙarewa a baya, domin ma'aikaci ya ajiye a ofis kowa ya ɗauki nasa.

Tsarabar da ba abinci ba ce ba ta da matsalar kwana, nata batun na sahihanci ne. Nishijin-ori saƙar alharini ce da ake rina zarenta kafin a saƙa, sunanta kuma ya fito daga sansanin rundunar yamma a yaƙin Onin (1467 zuwa 1477), inda masaƙa suka zauna bayan yaƙin. Da tashin fada ya rage musu kasuwa, hukumar Kiyoto ta tura masaƙa birnin Lyon na Faransa a 1872, suka dawo da injin saƙa na Jacquard. Yuzen rini ne da ake zana iyakar kowane launi da siririn layin ƙullun shinkafa don kada launuka su cuɗanya, kuma ana danganta shi da mai zanen mafici Miyazaki Yuzensai na ƙarshen ƙarni na 17. Cikakkiyar riga ta wannan saƙa ko rini ta fi ƙarfin aljihun yawancin baƙi, don haka ake yin ƙananan jakunkuna da furoshiki, wato ƙyallen ɗaure kaya. Akwai kofunan tangaran na Kiyomizu-yaki a hawan Gojo-zaka, da mafici mai naɗewa wanda kowane mataki nasa ke hannun mai sana'a daban, da turaren wuta na gidaje irin Kyukyodo da ya faro a 1663, da shayin yankin Uji a shagon Ippodo na 1717. Dokar 1974 ta kare sana'o'in gargajiya ta tanadi tambari ga kayan da suka cika sharuɗɗan hannu da kayan aiki da yanki, kuma wannan tambari shi ne abin da mai saye zai nema, domin shagunan da ke hanyar wurin bauta na Kiyomizu-dera suna jera na hannu da na masana'anta a kanta ɗaya.

Saura batu biyu da suka shafi Musulmi mai saye. Na farko, yawancin wagashi daga tsiro suke, kuma kanten ba daga dabba yake ba, amma wannan bai isa hujja a kan kowane kwali ba. Akwai saka-manju da ake kumbura ƙullunsa da tsimin giyar shinkafa, akwai waɗanda ake sa wa mirin, ruwan girki mai zaƙi da ke ɗauke da barasa, wasu na zamani kuma ana daskarar da su da jelatin na dabba ko a ƙara musu barasa kaɗan don su daɗe. Ana rubuta jerin kayan haɗi a bayan kwali, sai dai da Japananci ne, don haka a tambayi mai shago ko a sa manhajar fassara ta waya ta karanta. Na biyu, omamori, ƙananan jakunkunan alharini masu kyau da ake sayarwa a wuraren bauta, layu ne da aka keɓe da sunan abin bautar wurin, kuma masu wurin a haka suke ɗaukarsu. Wanda saƙar ce ta burge shi zai sami irinta a shagunan Nishijin, an ɗinka ta jakar kuɗi ko gidan tabarau.