Ragwanci ko Kare Lafiya: Sake Auna Aiki Bayan Annobar Korona

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba a watan Maris na 2020, aka rufe ofisoshi, ma'aikata da dama suka samu abin da suka daɗe ba su samu ba, wato sararin tambayar kansu ko wahalar da suke sha ta yi daidai da abin da ake biyansu. A Amurka amsar ta fito fili, domin a 2021 mutum sama da miliyan 47 ne suka ajiye aiki da kansu. A Sin kuwa matasa suka ɓullo da aƙidar tang ping, ma'ana kwanciya a miƙe, wadda ke nufin wadatuwa da kaɗan da ƙin shiga tseren neman duniya, kuma martani ce ga tsarin 996, inda ake aiki daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako.

Da yawa sun kira wannan ragwanci, amma hukuncin bai tsaya da ƙafarsa ba. Rago shi ne mai ƙarfi da dama wanda ya zaɓi zaman kashe wando ya ɗora wa wasu nauyinsa, alhali mai rage sa'o'in aiki domin ya samu barci, ya kula da mahaifa da 'ya'ya, wani nauyin ya sauke ya ɗauki wani. Rahoton da Hukumar Lafiya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kuma a gwajin aikin kwana huɗu a mako da kamfanoni 61 suka yi a Birtaniya a 2022 ba tare da rage albashi ba, 56 daga cikinsu sun zaɓi ci gaba da tsarin, abin da ke nuna cewa daɗewa a kan kujera ba shi ne yawan aiki ba.

Sai dai muhawarar tana da giɓi babba, domin kusan duka a kan mai albashi aka gina ta. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu daga Disamba 2021, amma ɗan dako da mai tura ruwa da direban a-daidaita-sahu, waɗanda ke rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, kulle bai ba su sararin tunani ba, yunwa ya kawo musu. Uwar gida ma, wadda aikinta ya ninka lokacin da yara suka bar zuwa makaranta, har yau ana cewa ba ta aikin komai. Muddin ranar hutu tana nufin kwana da yunwa ga irin waɗannan mutane, abin da ya kamata masana su sa a gaba shi ne inshorar lafiya da tallafin rashin aiki ga mai cin guminsa kullum.