Yadda Ake Auna Azuzuwan Share Fage na Gwamnati a Ƙananan Garuruwa

Ajin share fage shi ne wanda yaro yake zama a cikinsa kafin ya shiga aji ɗaya na firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Daga bisani, Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun shekarar 2013, ta tanadi shekara guda ta share fage kyauta ga yara 'yan shekara 5. Hukumar SUBEB ce ke kula da waɗannan azuzuwa a matakin jiha, a ƙaramar hukuma kuwa ofishin Sakataren Ilimi.

A garin da ke da firamare biyu ko uku, sau da yawa iyaye kan yi tururuwa zuwa babbar firamaren tsakiyar gari saboda sunanta da girman gininta. Sakamakon haka sai ajinta ya cika maƙil, alhali na makarantun unguwanni na da sauran wuri. Don haka ya kamata a auna makarantu da waɗannan ma'aunai:

1. Yawan yara. Manufar ilimi ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 25. Idan suka ninka haka, lokacin malami kan ƙare wajen tsawatarwa da raba faɗa.

2. Malami. Takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. A bincika ko ajin yana da malaminsa na dindindin, ko kuwa aro ake yi daga wasu azuzuwa.

3. Ruwa da makewayi. Ƙaramin yaro ba ya jure ƙishirwa, kuma rashin makewayi mai tsabta na yaɗa gudawa da tsutsar ciki.

4. Nisa da hanya. Makarantar da sai an tsallaka babban titi ko rafi kafin a isa gare ta kan rasa yaranta da zarar damina ta kankama.

5. Hanyar koyarwa. A wannan mataki da wasa da waƙa da tatsuniya da zane ake koyo. Ajin da ba a jin komai cikinsa sai haddar baƙaƙe daga allo bai cika manufarsa ba.

Gani ya kori ji. Ana shawartar iyaye su ziyarci ajin da safe a ranar karatu, su ƙirga yaran da kansu kafin su yi rajista.

Su kuma kansiloli da dagatai da masu unguwanni, wannan awo zai nuna musu makarantar da ta fi buƙatar ƙarin malami ko rijiyar burtsatse. Ana gabatar da irin wannan buƙata ga kwamitin gudanar da makaranta, wanda ya ƙunshi wakilan iyaye da malamai da shugabannin al'umma, daga nan a miƙa ta ga Sakataren Ilimi a rubuce.