Ƙaguwa Ko Kunama? Neman Suna Ga Mai Shuɗin Jini

Ɗan ƙanwata da ke karatun harhaɗa magunguna a nan Yamai ya miƙo mini wayarsa wata yamma, ya ce, "Kawu, wannan me za ka kira ta da Hausa?" Na duba hoton. Wata halitta ce kamar ƙwarya a kife, launin ƙasa-ƙasa, da doguwar wutsiya mai tsini kamar mashi, ƙafafunta duk a ɓoye ƙarƙashin ƙoƙon. Ya ce a darasinsu na Faransanci ana ce mata limule, kuma da jininta ake gwada tsabtar allurai. Tun ranar nake bin sawun sunayenta.

Rashin sunanta a bakinmu ba abin mamaki ba ne. Babu ita a kogin Isa, babu ita a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Iri huɗu ne suka rage a duniya: ɗaya a gabashin Amurka, daga Maine har Yukatan ta Meziko, uku kuma a Asiya, daga Indiya zuwa Japan. Abin da mutum bai taɓa gani ba, ba ya raɗa masa suna. Sai dai wannan baƙuwa tana da hannu a lafiyar 'ya'yanmu, don haka ta cancanci a san yadda za a kira ta.

Sunan da masu Ingilishi suka ba ta yana nufin ƙaguwa mai siffar takalmin doki, wato lanƙwasasshen ƙarfen da suke bugawa a kofato. In aka juyo shi zuwa Hausa, ta ko'ina gurgu ne. Dawakinmu galibi ba a sa musu wannan ƙarfe, don haka kwatancen ba ya zana komai a zuciyar Bahaushe. Sannan ita ba ƙaguwa ba ce. A 1881 masanin dabbobi na Ingila, Ray Lankester, ya nuna cewa danginta na kusa su ne kunama da gizo-gizo. Ba ta da gashin-bakin shinshina irin na ƙaguwa, tana da 'yan ƙananan hantsaki biyu a gaban baki irin na dangin kunama, kuma abin numfashinta falle-falle ne kamar shafukan littafi, kamar yadda huhun kunama yake.

Masana ma sun yi tuntuɓe. A 1758 Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara sunayen halittu, ya sa ta a rukunin da ya kira Monoculus, ma'ana mai ido ɗaya, ya ƙara mata polyphemus, sunan wani ƙato mai ido guda a tatsuniyar Girkawa. Ga shi kuwa idanunta sun kai goma: manya biyu a gefen ƙoƙo, ƙanana a tsakiya da ƙasa, har wutsiyarta tana jin haske. Daga baya aka musanya kalmar farko da Limulus, daga Latin, mai nufin abin da ya ɗan karkace, aka bar ta biyu yadda take. Sunan dangin gaba ɗaya, Xiphosura, na nufin wutsiyar takobi, alhali wutsiyar ba ta sara, ba ta harbi, ba ta da dafi. Da ita take dogarawa ta mirgino in igiyar ruwa ta kifar da ita rigingine. Japanawa sun fi kowa ido: suna ce mata kabutogani, ƙaguwa mai hular yaƙi.

Mu ma haka muke raɗa suna. Dogayen dabbobin nan na Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai, muna ce musu raƙuman dawa, kuma kowa ya san ba sa ɗaukar gishirin Bilma. Masara mun jingina ta ga Masar, alhali asalinta Meziko ne. Suna na kamanni ba laifi ba ne muddin bai ɓatar da mai ji ba.

Akwai laƙabi guda da ke ɓatarwa. Littattafai kan kira ta burbushin halittar dā da ke raye, kalmar da Darwin ya fara amfani da ita a 1859 ga wasu halittu. Tsufan danginta gaskiya ne. A Manitoba ta Kanada an tono kakarta a dutse mai shekara miliyan 445, aka raɗa mata Lunataspis aurora a 2008. Wanda ya tsaya gaban ƙasusuwan ƙattan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa, a gidan tarihi na Bubu Hama da ke nan Yamai, yana kallon abin da ya kai shekara miliyan 110, to wannan dangi ya ninka su sau huɗu. Amma siffar ce ta daɗe. Ire-iren da ke raye yau ba su ne na wancan zamani ba, sun yi ta sauyawa a hankali cikin ƙoƙo mai fasali ɗaya, kamar yadda ƙirar rumbu ke daɗewa alhali kowace kaka da hatsinta.

Jininta shuɗi ne. Namu ja ne saboda sinadarin da ke ɗaukar iska a cikinsa yana da baƙin ƙarfe, nata kuwa jan ƙarfe ne, shi ke shuɗewa in ya haɗu da iska. Amfanin ba a launin yake ba, yana cikin wasu ƙwayoyin jini masu gadin jikinta. A 1956 likita Frederik Bang, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, ya lura cewa jininta kan daskare in wata ƙwayar cuta ta shige ta. A shekarun 1960 shi da Jack Levin suka gano abin da ke jawo daskarewar: wani sinadari da ke jikin fatar wasu ƙwayoyin bakteriya, wanda likitoci ke kira endotoksin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 1977, da sunan LAL. Kafin nan zomaye ake yi wa allurar maganin, a zauna ana auna zafin jikinsu.

Endotoksin ma yana buƙatar Hausa. Guba ce ko dafi? Guba ana ci ne ko a sha, dafi kuwa ta jini yake shiga, irin na maciji da na kibiya. Wannan abu muna haɗiyarsa kullum, hanjinmu cike yake da shi, ba ya cutarwa. In ya bi jijiya ne yake kawo zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi, wani lokaci har rai. Don haka dafi ne. Ko an dafa ruwa ƙwayar ta mutu, shi yana nan. Ni dai ina ganin dafin gawar ƙwayar cuta ya fi dacewa da shi. Mutanen Yamai sun san aikinsa ko da ba su san sunansa ba, domin ƙwayar sanƙarau, wadda ta addabi birnin nan a 2015, tana cikin masu ɗauke da shi. Ledar ƙarin ruwa, allurar riga-kafi, ruwan da ake dama maganin allura da shi, duk ƙa'ida ce a tabbatar ba su da wannan dafi kafin su bar masana'anta.

A nan ne kuskuren kalma zai iya yin ɓarna. In aka ce "ana haɗa magani da jinin ƙaguwa," an faɗi ƙarya, kuma ƙasar Hausa ta ga abin da jita-jita ta yi wa riga-kafin shan inna a Kano a 2003. Ko ɗigo na jinin nan ba ya shiga allura. Ana ɗiban ɗan samfur daga maganin, a zuba shi cikin kwalba tare da abin da aka tace daga jinin. In ya daskare, akwai dafi, sai a zubar da rukunin duka. Samfurin da aka gwada ba ya komawa cikin maganin. Aikinta irin na mai ɗanɗana wa sarki abinci ne.

Ita ke biyan kuɗin wannan aiki. A Amurka ana kama dubban ɗaruruwa kowace shekara, a zuƙe kusan sulusin jininsu, a mayar da su teku, wasu kuma ba sa rayuwa. Tana shekara kusan goma kafin ta fara ƙwai, kuma ƙwan nata ne guzurin tsuntsayen da ke yada zango a gaɓar Delaware cikin watan Mayu. Irin da ke China da Japan ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2019. Sauƙin da aka samu ya fito daga Jami'ar Singafo, inda Ding Jeak Ling da Ho Bow suka samar da sinadarin daskarewar a ɗakin gwaji ba tare da taɓa dabbar ba. Ya shiga kasuwa a 2003, hukumomin Turai da Amurka kuma sun karɓe shi daga baya.

To wane suna? Kunamar teku ya yi daidai da nasaba, amma zai sa a ji tsoron abin da ba ya harbi, kuma masana sun riga sun ba wata ɓatacciyar halitta wannan suna. Ƙaguwa ta faɗi tun farko. Na koma wa ɗan ƙanwata da kwalkwalin teku. Duk wanda ya ga 'yan lifida a hawan Salla na Damagaram ko Katsina ya san kwalkwali, ya san tudunsa, ya san ba a sara da shi, kāre kai yake yi. Ya maimaita sunan sau biyu, ya ce, "Kawu, zan gwada shi a kan 'yan ajinmu." Haka suna ke samun gindin zama. In bakuna suka ɗauka ya zauna, in suka ƙi sai a nemo wanda ya fi shi.