Mai Takaba na La Digue da Tsibiran da ke Gwaram

A shekarar 1965, masu nazarin tsuntsaye suka zaga La Digue, ɗaya daga cikin tsibiran Seychelles a Tekun Indiya, suna ƙidaya wani ɗan tsuntsu mai cafke ƙwari a iska. Guda 28 kacal suka samu. Mutanen tsibirin suna kiran sa Vev, wato mai takaba, saboda namijin baƙi ne wuluk, da dogon wutsiya yana jan ta kamar mayafi. Macen kuwa bayanta ja-ja ne, cikinta fari, kanta baƙi.

Da can ba a La Digue kaɗai yake ba. Lokacin da Edward Newton ya bayyana shi ga masana a 1867, ana samun sa a Praslin da wasu tsibiran maƙwabta. Amma tun da Faransawa suka fara zama a Seychelles a 1770, gatari bai huta ba. Aka share dazukan bakin teku domin gonakin kwakwa, jiragen ruwa kuma suka kawo ɓeraye da kyanwoyi. Tsibiri bayan tsibiri tsuntsun ya ɓace, har ya rage a La Digue, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 10 ba.

Yadda yake hayayyafa ne ya ƙara tsananta lamarin. Macen ƙwai ɗaya tak take sakawa a kowane zama. Sheƙar 'yar ƙarama ce kamar ƙoƙo, an ɗaure ta da yanar gizo-gizo a ƙarshen reshe mai lilo, galibi a kan takamaka ko badamiye, wanda ɗan'uwan baushe ne. Duk bishiyar da aka sare, gida ne ya rushe. Duk ƙwan da ɓera ya sha, wahalar makonni ce ta tafi a banza.

A farkon shekarun 1980 aka keɓe masa ɗan kurmi a La Digue, yawansa ya farfaɗo zuwa ɗaruruwa. Sai dai masana sun ga cewa guguwa ɗaya ko annoba ɗaya ta isa ta shafe jinsin da ke zaune wuri guda. Saboda haka a 2008 aka ɗauki 23 zuwa tsibirin Denis, inda aka riga aka kawar da ɓeraye da kyanwoyi, kuma a shekara mai bi suka ƙyanƙyashe. A 2018 aka soma kai wasu Curieuse. A 2020 ƙungiyar IUCN ta cire shi daga rukunin waɗanda ke gab da ƙarewa, ko da yake har yanzu yana cikin masu rauni.

Wannan tarihi bai yi nisa da kudancin Jigawa ba. Vev yana da ɗan'uwa na jini a Afirka, *Terpsiphone viridis*, mai irin wannan wutsiya da irin wannan sheƙa, wanda ake gani a kurmin bakin rafi a Arewacin Nijeriya, musamman da damina. Shi ma inuwa mai kauri yake bukata. Wanda ya bi hanya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram har Farin Dutse zai ga yadda gonaki suka kewaye ragowar itatuwan gindin duwatsu da bakin fadamu. Ga tsuntsun da ba ya sheƙa a fili, kowane irin wannan kurmi tsibiri ne, gonaki kuma su ne tekunsa.

Bambancin shi ne, a La Digue an ƙidaya tun da sauran 28, shi ya sa aka san abin da za a ceto. A ƙasar Gwaram kuwa, mai saran itacen gawayi ba ya jiran ƙidaya. Aikin farko a nan shi ne a san wane kurmi ya rage, da wanda ke sheƙa a cikinsa, tun kafin gatari ya iso.