Kingsway Ya Tafi, Littattafanmu Suna Nan

Mu da muka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni wajen 1970, zuwa kantin Kingsway na kamfanin UAC tamkar yawon Sallah ne, kallo ya fi ciniki yawa. Yau kantin sai labari. Amma Ruwan Bagaja na 1934 da Magana Jari Ce na 1937, waɗanda Abubakar Imam ya rubuta, suna nan cikin adakar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tare da tasoshin aurenta. Da su na koyi karatu, da su kuma na koyar. 'Yan'uwa mazauna Legas da Abuja, in an zo rabon gado, kada irin waɗannan su ƙare a bola. Su ne shaidar asalinmu ga jikoki.