Zuriyar Mai Wurno: Daga Burmi Zuwa Gonakin Bakin Nilu

 Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna yadda malaminmu na tarihi, Allah Ya jiƙansa, yakan rufe darasin Daular Usmaniyya. Da ya kawo yaƙin Burmi sai ya kakkaɓe alli daga hannunsa, ya ce an gama. Mu kuwa muka haddace muka ci jarrabawa, ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi inda waɗanda suka tsira suka nufa. Ni ne ma ya fi cancanta in tambaya, domin tun ina yaro kakata take ba ni labarin ƙanen mahaifinta, wanda ya bar garma a bakin kunya ya bi Sarkin Musulmi gabas, bai sake dawowa ba.

Bari mu fara da salsala. Shehu Usmanu ya rasu a 1817. Ɗansa Abubakar Atiku ya riƙi sarautar Musulunci daga 1837 zuwa 1842, bayan wansa Muhammadu Bello. Atiku ya haifi Ahmadu, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866. Ahmadu ya haifi Muhammadu Attahiru, wanda aka naɗa a ƙarshen 1902, watanni kaɗan kafin Turawa su ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, sai ya yi shelar hijira. Abin da ya tsorata Turawa shi ne yawan talakawan da suka bi shi, ga damina ta kawo kai, manoma suna barin gonakinsu ƙauye bayan ƙauye. Ran 27 ga Yuli aka gwabza a Burmi, kusa da Dutsen Bima a ƙasar Gombe, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mutanensa. Daga cikin 'ya'yansa da suka fita da rai akwai Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno.

Shi ne ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Tafiyar ƙafa ce ta shekaru, a yada zango a yi noma damina guda, a sami guzuri, a ƙara gaba. Wajen 1906 suka sauka a garin Shaihu Ɗalha, a bakin Shuɗin Kogin Nilu cikin ƙasar Sudan. Niyyarsu Makka ce, amma ga tsofaffi ga yara, kuma ga ƙasa mai albarka ba mai nomanta sosai, saboda yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwa sun rage mutanen wurin ƙwarai. Sai Mai Wurno ya ƙetare kogin, aka sari daji aka kafa gari a kudu da Sannar, garin ya ci sunansa har yau. Abin mamaki, Ingilishin da suka guje wa a gida su ne suka tarar suna mulkin Sudan, kuma su ɗin ne suka bar shi da ƙasar, domin suna neman hannuwan aiki ruwa a jallo.

A ganina nan ne darajar gidan nan take, fiye da rawanin da suka baro. Ɗan tattaɓa-kunnen Shehu ya zama mai raba gona. Duk baƙon da ya iso daga yamma, Bahaushe ne ko Bafillace ko Babarbare, sai ya faɗi gaban Mai Wurno, a nuna masa inda zai sara. A tudu ana shuka dawa da riɗi da ruwan sama, a gaɓar kogi kuwa in ruwa ya janye ana yin lambu irin na fadamunmu, wasu kuma suka riƙi su. Da gari ya cika, sai aka riƙa tura mutane su kafa ƙauyuka a bakin kogunan Dindir da Rahad. Bayan rasuwarsa cikin shekarun 1940, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi, kuma sarautar garin ta ci gaba da zama a gidan.

To, sai dai rayuwar talakan da ya bi su ba irin ta gidan sarauta ba ce. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Ana yanka wa manomi fili, wanda suke kira hawasha, a raba kuɗin auduga tsakaninsa da gwamnati da kamfani. Mafi yawan filayen nan 'yan ƙasa aka bai wa. Mutanenmu, waɗanda ake kira Fallata ko Takari, su ne 'yan ƙodago, su ne masu noman a raba, su ne masu tsinkar auduga. Da aka zo yin dokar zama ɗan ƙasa a 1957, sai aka ce ɗan Sudan shi ne wanda zuriyarsa take zaune tun kafin 1898. Ku lissafa da kanku: shekaru kaɗan ne suka raba mutanen Burmi da wannan iyaka. Daga baya an sassauta dokar, amma an daɗe ana kiran jikan da aka haifa a can baƙo.

Ni kaina ban san zafin abin ba sai da Allah Ya kai ni aikin hajji, na zauna kusa da wani dattijo a Mina, na ji yana yi wa matarsa Hausa irin ta kakannin nan, ya gauraya ta da Larabci. Muka gaisa. Ya ce shi mutumin wani ƙauye ne kusa da Mai Wurno. Na ce ya ƙirgo mini iyayensa. Ya ce kakansa ne ya zo da ƙafa ya sari daji. Ubansa ya yi ƙodagon auduga a Jazira har ya sayi shanu. Shi da kansa ya yi noman dawa a wajejen Gadarif, inda ake aiki da tarakta. 'Ya'yansa kuwa ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya direba, ɗaya kaɗai ya riƙe gona. Da ya ambaci garin da kakan nasa ya fito, sai na ji gundumarmu ce. Ban ce masa mu dangi ne ba, shi ma bai ce ba, amma mun ci abinci a kwano ɗaya har muka bar Mina.

A 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, bayan Hausawan sun nemi a ba su masarauta tasu. Tushen maganar ƙasa ce, wato wa ke da ikon raba gona. An kashe ɗaruruwan mutane, dubbai suka bar gidajensu. A 2023 kuma yaƙi ya tashi tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, ya ci Wad Madani a ƙarshen shekarar, ya isa Sinja a tsakiyar 2024, garin Mai Wurno kuwa yana tsakanin Sinja da Sannar ne. Saƙon ƙarshe da na samu daga ɗan dattijon nan, wanda ya riƙe gonar, a daminar 2024 ne. Ya ce sun kwashe mata da yara sun yi Gadarif, sun bar dawa ta fara kai gwiwa, ya kuma roƙi a sa su cikin addu'a.