Madubin likita: na'urar da ta tona asirin tsargiya

Madubin likita na'ura ce mai gilasai da ke girmama abin da ido ba ya gani har ninki dubu. Da irinsa likitoci ke gano tsargiya, cutar da ke kama yaran da ke wanka da kamun kifi a tafkuna da fadamu irin na Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

A da, wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji. A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke haddasa cutar a birnin Alƙahira. Tsutsar na hayayyafa cikin katantanwar ruwa, sannan ta ratsa fatar mutum ta zauna a jijiyoyin mafitsara.

Idan aka duba fitsarin mara lafiya a ƙarƙashin madubin, sai a ga ƙwanta mai ƙaya a gindi, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Na'urar hoton ciki kuma tana nuna ɓarnar da ƙwan ya yi wa mafitsara, wadda kan kai ga kansa idan an yi sakaci. Maganinta shi ne Praziquantel.